Rabin Awa Ne Kacal

Filin jirgin saman garin nan, in ka yi atishawa a ƙofar shiga, mai gadin ƙofar fita ne zai ce maka sannu. Ɗaki ɗaya ne dogo, da kujerun roba da aka ɗaɗɗaure da juna don kada su gudu, da fanka biyu, ɗaya tana juyawa ɗaya tana kallon ta. Jirgi ɗaya ne ke zuwa, ɗan ƙarami mai farfela, sau biyu a mako, shi ma in ya ga dama. Ya sauke mutane, ya kwashi wasu, ya tsallaka da su kogi da duwatsu zuwa wani filin da bai fi wannan girma ba. A kusurwar ɗakin akwai taga mai gilashi da aka huda daidai shigar hannu. Bayanta mai sayar da tikiti yake zama, mutumin da duk garin ba wanda ya san shi da wani suna sai Rabin Awa.

Sunan nan da guminsa ya samo shi. A bayan kujerarsa akwai taswira manne da bango, ta tsufa har koginta ya koma ruwan toka. A aljihun gaban rigarsa kuma akwai wani jan zare mai ƙulli biyu. Duk wanda tsautsayi ya sa ya tambaye shi nisan tafiyar, to shi ya jawo wa kansa. Sai ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ɗora ƙulli ɗaya a kan garin nan, ɗaya a kan wancan, ya ja zaren ya miƙe samɓal, sannan ya sauko da shi ƙasan taswirar inda aka zana ma'aunin kilomita.

"Ka gani da idonka ko? Ko ɗari biyu bai cika ba. Rabin awa ne kacal. Kafin shayinka ya huce ka sauka."

Daga nan sai ya bi hanyar mota da yatsa, yana lanƙwasa hannu yana tsaki. Ita kuwa hanyar, Allah ya gani, ba ta taimaki kanta ba. Sai ta kewaye duwatsu, ta gangara can nesa neman gada, sannan ta dawo kamar ta yi mantuwa.

"Wannan kuwa yini guda cur, kana zaune a kan buhun wani, kajin wata suna cakar ƙafarka. Hanyar mota ta wanda lokacinsa ba shi da amfani ce."

Haka yake yi tun yana da suma, har kan ya zama fili. Mai sikeli, matar da ke auna kayan fasinja a gefen tagarsa, takan ce ranar da titin jirgi ya lalace a kansa za a sauka. Ta haddace jawabin zaren tsaf, har in ya fara sai ta riƙa motsa baki tare da shi tana ɗaure wa jakunkuna takarda.

To ga abin da zare bai taɓa faɗa wa fasinja ba: Rabin Awa bai taɓa shiga jirgi ba. Ko sau ɗaya. In farfela ta fara juyawa a waje har gilashin taga ya ɗauki rawa, sai ka ga ya dafe tebur da hannu biyu, wai yana tare takardu kada iska ta kwashe, alhali ba iskar da ke shigowa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Abin haushin kuma, a can garin ƙulli na biyu aka haife shi. Shi ne auta a wajen Inna, maɗinkiya, wadda ta yi rainonsa shi da yayarsa da ƙafa ɗaya a kan keken ɗinki. Ranar da zai baro gida neman aiki ta cusa masa allura da ƙwaryar jan zare a jaka, ta ce don maɓalli, tunda ta san shi da murza maɓallin riga in ransa ya ɓaci ko ya tsorata. Allurar ta ɓata tun a shekarar farko. Zaren kuwa ya samu ƙarin girma, ya koma aikin ofis.

Da farko yana zuwa gida, a mota, kamar kowa. Sai aka ba shi taga da riga mai tambari a kafaɗa, daga nan tasha ta zama abin kunya. Ta yaya mutumin da ke zagin hanyar mota safe da yamma za a gan shi yana rigimar kujerar gefen taga da mai kaji? Su kuma ma'aikatan filin suna da tasu ƙa'idar, wadda ba a rubuta ko'ina ba amma ta fi ta rubuce ƙarfi: ma'aikaci ba ya sayen tikiti. In an gama kiran fasinja aka ga kujera ba kowa, tasa ce, kyauta. Wanda ya sa hannu a aljihu ya saya kuwa, dariyar da za a yi masa sai ta bi shi har ritaya, ana cewa mai rijiya ya sayi ruwa. Saboda haka Rabin Awa yake jiran kujera. In akwai kujera ba hutu, in akwai hutu ba kujera. In Allah ya haɗa biyun kuma, sai ya leƙa sama ya hango wani gajimare da bai yarda da take-takensa ba.

A waya dai ba a fi shi zumunci ba.

"Inna, ai muna kusa. Rabin awa ne fa tsakaninmu. Kina ɗora ruwan shayi zan iso."

"To Auta, Allah ya kawo ka lafiya."

Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ita ce ke zuwa. Ta kwashi yara ta shiga mota, ta yi wa Inna kwanaki, ta wanke mata kai, ta zura mata zare a allura da idon ya fara rauni, sannan ta dawo da ciwon baya da ƙafafu a kumbure. In ta ce masa, "Baban yara, zumunta a ƙafa take," sai ya ce wannan karin maganar kafin a ƙera jirgi aka yi ta. A haka 'yan biyun suka tashi daga goyo har suka fi uwarsu tsawo, uban nasu yana nan tafe.

Wata rana da hantsi, yana zaune yana gyara hatimi, yayarsa ta kira. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Auta, ka saurare ni da kyau. Gigin tsufa ya kama Inna. Jiya da yamma ta dube ni ta ce ni 'yar gidan wa ce. Da safe hankalinta yana dawowa, ta gane kowa, kuma kai take fara tambaya. Amma safiyar kullum ƙara gajarta take yi. Likita ya ce abin ba ya komawa baya. In kana so ta gan ka ta san kai ne, ka taho yanzu."

"Subhanallahi. To Yaya, ki kwantar da hankalinki, ai rabin..."

"Wallahi ka ƙarasa maganar nan sai na kashe wayar."

Ya haɗiye sauran. Yana son uwarsa, wannan ba wanda zai ce ƙarya ne. Ranar ko jawabin zare bai yi da daɗi ba.

Da ya koma gida ya tarar Maman 'Yan Biyu har ta haɗa kaya, jaka biyu, tata da tasa.

"Motar safe za mu bi. Kafin rana ta faɗi muna gaban Inna."

"Ke dai ki bi. Ni jibi akwai jirgi."

"Jibi? Baban yara, gobe ta riga jibi zuwa, ko a ofis ɗinku an canza?"

"Ba za ki gane ba. Ke yini guda za ki yi a hanya, ni rabin awa. Wa ya fi wani sauri?"

"Wanda ya isa," in ji ta, ta ture jakarsa gefe da ƙafa.

Washegari ta tafi. Da yamma ta kira ta ce ta sauka lafiya, in ban da taya da ta fashe musu sau ɗaya. Ya ce ai ga irinta nan, shi ya sa.

Jirgin jibi ya zo cike maƙil da wasu manyan ma'aikata masu zuwa taron ƙara wa juna sani a kan alkinta lokaci. Ba kujera. Na bayansa bai zo ba sam, wani ƙarfe ne ya lalace a cikin inji, aka ce sai an kawo sabo daga wancan filin. Mai sikeli ta tambayi manaja ta ina za a kawo shi, manaja ya ce an sa shi a motar safe. Ta juyo ta dubi Rabin Awa, shi kuwa ya ce a daidai lokacin yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Kullum da hantsi matarsa tana kira. Yau Inna ta gane kowa har ta yi wa Yaya faɗa a kan gishiri. Yau ta ce a share ɗakin baya, Auta zai sauka. Yau ba ta daɗe ba, kafin a gama karyawa ta koma tambayar ina mijinta, wanda ya rasu tun 'yan biyu ba su zo duniya ba. Shi dai sai ya ce, "Jirgi na gaba, in Allah ya yarda," yana murza maɓalli.

A jirgi na uku aka dace. An gyara inji, sama tas ba ko ɗigon gajimare, kuma kujera ɗaya ta rage. Manaja da bakinsa ya ce, "Taka ce. Da an rufe taga ka ɗauki jakarka." Ya zo da jakar tun da safe, da wani lallausan bargo da ya saya wa Inna, ya jingine su a bayan kujera ƙarƙashin taswira. Saura kaɗan a rufe, sai ga wani mutum ya shigo yana share gumi, ƙaton gaske, dillalin injin ban-ruwa, waya ɗaya a kunne ɗaya a hannu. Ya leƙo ta hudar gilashi ya tambayi farashi. Da ya ji sai ya yi dariya ya ja da baya.

"Ina! A bar shi. Mota zan bi. Dama an ce mini jirgin naku, in ka haɗa jira da komai, bai fi mota da komai ba. Duk tafiyar ɗaya ce."

Da mutumin nan uwarsa ya zaga, da Rabin Awa ya yi haƙuri. Amma duk tafiyar ɗaya ce? A gaban taswira? Mai sikeli ta yi tari. Ta ƙara yin tari. Ta buga sikeli da tafin hannu har allurarsa ta yi tsalle. Ina, hali zanen dutse. Hannunsa har ya kai aljihu.

"Ranka ya daɗe, dawo. Don Allah dawo ka ga wani abu."

Waɗanda suka halarta sun ce tunda yake jawabin zare bai taɓa yin mai daɗin na ranar ba. Ya ɗora ƙulli, ya ja zare, ya kai ma'auni. Ya bi hanyar mota lanƙwasa bayan lanƙwasa, ya kwatanta ramuka, ya kwaikwayi kukan kaji. Ya tambayi dillalin ko babban mutum irinsa, mai waya biyu, ya dace ya yini a kan buhu. Ya ce masa ciniki ba ya jira, wanda ya riga isa shi ke sayarwa. Dillalin ya sauke wayar daga kunne, ya gyaɗa kai.

"Kai, malam, ka iya magana. Ba ni."

Hatimi ya sauka a kan tikiti, tim. Dillalin ya wuce yana godiya. Rabin Awa ya naɗe zarensa a yatsa yana murmushin wanda ya ci gardama, sai ya ga mai sikeli ta zuba masa ido, hannu a ƙugu.

"Sannu da ƙoƙari. Ka san kujerar wa ka sayar?"

Ya sani. Ya sani tun kafin hatimin ya sauka. Kuma abin da bai gaya wa kowa ba, da ya ji farfela ta tashi ba shi a ciki, wani sanyi ya ji ya sauka masa a ciki, irin na wanda aka ce masa mai cire haƙori bai zo aiki ba. Tsoro biyu ne suka haɗu suka sayar da kujerar nan. Akwai na jirgi, wanda ya daɗe da shi. Akwai kuma sabo, wanda ya fi shi nauyi: ya durƙusa gaban Inna ta dube shi ba ta san shi ba. Muddin yana nan bayan gilashi, to can tana sane da shi, tana jiran sa. Kunya ta rufe shi, ya zauna ya rasa inda zai sa idonsa.

Da ya gaya wa matarsa a waya cewa kujerar ta ƙwace, bai ce ga wanda ya ƙwace ta ba.

"Baban yara, tasha tana nan inda take, ba a ɗauke ta ba. Yau da safe sai da ta sa na zaunar da ita a bakin ƙofa."

Maganar ta shige shi. Washegari da sassafe, abin mamaki, ya ɗauki jaka da bargo ya nufi tasha, ya sa hula ya ja ta har gira. Ya kai bakin motar, ƙafarsa ɗaya har ta hau, sai wani mai lodi ya ƙwala ihu yadda duk tashar za ta ji.

"A'a! Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Rabin Awa ne yau a wajenmu, mu marasa aikin yi!"

Aka juyo ana dariya, har da masu kajin. Mutumin naku ya sauke ƙafa a hankali, ya gyara murya.

"Haba, ni? Saƙo na kawo."

Don kada a ƙaryata shi, ya miƙa bargon, ya faɗi unguwa da gida, ya juya da jakarsa yana tafiyar manyan ma'aikata. Kafin rana ta faɗi bargo ya isa hannun Inna. Bargo bai san kilomita ba, ba shi da riga mai tambari, ba kuma wanda zai yi wa dariya.

Sai da aka ƙara jirgi biyu kafin wata kujerar ta samu. Wannan karon mai sikeli ba ta bar abin a hannun ƙaddara ba. Tun da safe ta juya allon tagar zuwa "an rufe", ta ja kujera ta zauna a gabanta, ta ce duk mai tambayar nisa ya tambaye ta, ita ba ta sani ba. Jirgin da aka ce na safe bai iso ba sai da rana ta take tsaka, sannan aka tsaya jiran mai. Da aka kira fasinja ita ta ɗauki jakarsa, ta tasa shi gaba har bakin matakala kamar mai kai yaro allura.

"Hau. In ka juyo, wallahi ni da kai ne."

Ya hau. Aka ɗaure shi da bel, farfela ta ɗauka, duk jirgin ya kama kyarma, shi ma ya taya shi. Duk addu'ar da ya sani sai da ya karanta, har da ta cin abinci. Hannu ɗaya ya damƙe kujerar gaba, ɗaya yana kan maɓalli yana murzawa. Bai ga kogi ba, bai ga duwatsu ba, duk abin da ya shekara yana nuna wa mutane a bango ya wuce ta ƙarƙashinsa idonsa a rufe. Sau biyu kawai ya buɗe ido, lokacin tashi da lokacin da taya ta daki ƙasa, duka biyun kuma agogonsa ya duba.

Rabin awa. Cif.

Wayyo daɗi! Ya fito ƙirji a buɗe, yana neman wanda zai gaya wa. Ashe duk shekarun nan gaskiya yake faɗa. Ya gaya wa mai share filin, ya gaya wa wani soja, ya gaya wa direban tasi. Direban ya ce madalla, amma shi ba zai tashi ba sai mota ta cika, kuma filin yana bayan gari da nisa. Aka jira. Aka cika. Aka biya aka sauke kowa a unguwarsa. Lokacin da aka ajiye shi a bakin layinsu rana ta yi ja, ga motar safe ta garin da ya baro tana sauke fasinja a tsallaken titi, ana miƙo wa wata mata kejin kajinta daga sama. Ya kau da kai.

Gidan yana nan yadda ya san shi, sai dai ya ƙanƙance. Ƙofar nan mai kukan ƙarfe, igiyar shanya, tsohon keken ɗinki a baranda an lulluɓe shi da zani. Yaya ce ta fara ganin sa, tana wanke kwanuka. Ta miƙe tana yarfe hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da sauri."

"Yaya, jirgin ne..."

"Riƙe bayaninka. Tana can." Ta nuna da haɓa. "Ranar da bargonka ya zo ta rungume shi, ta ce kayan Auta sun iso, shi ma yana hanya. Kwana biyu bayan nan safiyar ta daina zuwa. Ni ma yanzu mai aiki take ce mini."

Inna tana zaune a kujera a ƙarshen baranda, fuskarta tana kallon ƙofa, bargon a kan gwiwoyinta. Ta rame, ta yi ƙarama, amma an gyara mata kai, an ɗaura mata ɗankwali tsaf. Maman 'Yan Biyu tana zaune a gefenta tana yanke mata farce. Ta ɗago ta ga mijinta, ta matsa masa wuri.

Ya durƙusa. Duk jawabin da ke bakinsa ya gudu.

"Inna, na zo."

Ta dube shi da fara'a, irin wadda ake yi wa mai karanta mitar wuta.

"Maraba, maraba. Sannu da zuwa, bawan Allah." Ta taɓa hannun surukarta. "'Yar nan, kawo wa baƙo ruwa mana. Wannan matar ɗana ce, ka gan ta nan, 'yar albarka."

"Inna, ni ne. Auta ne."

Ta yi dariya har da rufe baki.

"Kai dai akwai barkwanci. Auta ai yaro ne, sumarsa cike da kai. Aikin jirgin sama yake yi." Ta faɗi haka tana ɗaga kai don alfahari. Sai idonta ya sauka a ƙirjinsa, fuskarta ta canza. "A'a, dubi maɓallinka yana lilo. Babba da kai. Matso nan."

Maɓallin da ya sha murza a sama ne, saura ƙiris ya faɗi. Ya matsa. Ta hango bakin jan zare ya leƙo daga aljihunsa, ta sa yatsu biyu ta zaro shi, ta ɗaga shi ga haske tana ja tana gwada ƙarfinsa.

"Zare mai kyau, irin na da. Wane mara aikin yi ne ya ƙuƙƙulle shi haka?"

Ta kai shi baki ta gatse ƙulli na farko, ta tofar, ta gatse na biyu. Maman 'Yan Biyu ta ajiye kofin ruwa, ta ɗauko allura daga akwatin keke, ta zura mata zaren kamar yadda ta saba, ta miƙa. Hannun da ke rawa wajen riƙe cokali bai yi rawa ba a nan. Ta kama rigarsa ta jawo shi kusa har yana jin numfashinta a wuyansa, tana soka allura tana ja, tana soka tana ja. Shi kuwa hawaye yake yi ba ƙaƙƙautawa, babba da shi, suna sauka a bayan hannunta. Baƙin ciki ya cika shi, kuma ya san ba wanda zai ɗora wa laifi, ko manaja, ko gajimare, ko dillali.

"Daina motsi, kada in soke ka," in ji ta. Ta naɗe zaren a gindin maɓalli, ta ƙulle, ta gatse saura. Ta daddaɓa ƙirjinsa. "Yauwa. Yanzu ka zama mutum."

"Na gode, Inna."

"Ba komai. Amma kada ka yi saurin tafiya, ka ji? Ka tsaya ku gaisa da ɗan nawa. Yana nan tafe, ga bargon da ya aiko." Ta shafa bargon, ta mayar da ido ga ƙofa. "Ba nisa gare shi ba. Ya ce mini rabin awa ne. 'Yar nan, an ɗora ruwan shayin kuwa?"

"An ɗora, Inna," in ji Maman 'Yan Biyu.

Rabin Awa ya share fuska da hannun riga. Ya ture jakarsa gefe, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ya juya shi ma yana kallon ƙofar.

"To Inna," ya ce, "zan jira shi."